Abin da shirya balaguron kallon namun daji a Tanzaniya ya koya mini

Yawancin aikin ofishinmu na shirya tafiye-tafiye ya ta'allaƙa ne a kan Umara da Dubai da Alƙahira, wato irin tafiyar da matafiyi yake yanke ranar tashi da ranar dawowa, mu kuma mu nemo masa kujerar jirgi da masauki. Da aka fara samun masu sha'awar zuwa kallon namun daji a gabashin Afirka, aka ɗora mini wannan ɓangare, sai na tarar da aiki mai wata ɗabi'a dabam, domin a can ruwan sama da ciyawa ne suke tsara tafiya, mai kuɗin da mai shirya masa duka bin sahu suke yi. Mafi yawan abin da na koya ya fito ne daga arewacin Tanzaniya, inda gandayen namun daji na Serengeti da Ngorongoro da Tarangire suke.

Kusan duk wanda ya zo wurina yana ɗauke da hoto guda a zuciyarsa: garken nyumbu, wata dabba mai ƙaho da gemu wadda ta ɗan yi kama da gwanki, yana afkawa cikin kogin Mara, kadoji kuma suna jira a ruwa. Ya ga haka a talabijin, yana so a kai shi da iyalinsa a hutun Disamba. Amma a Disamba dabbobin sun yi nisa da wannan kogi, suna kan hanyarsu ta komawa kudancin Serengeti, kuma wanda ya je bakin Mara a lokacin zai ga ruwa da dorinai, ba zai ga tsallakawa ba. Dole na zauna na karanci kewayen da suke yi a shekara kafin na iya ba kowa shawara. Nyumbu fiye da miliyan 1, tare da jakunan dawa kimanin 200,000 da bareyi masu yawa, suna zaune a filayen kudu, wajen Ndutu, daga ƙarshen Disamba zuwa Maris. Ƙasar wurin tana da tokar duwatsu masu aman wuta, gajeriyar ciyawar da take fitarwa kuma tana ɗauke da sinadaran da mai shayarwa take buƙata, shi ya sa a nan suke haihuwa. A wajen Fabrairu ana haifar 'ya'ya dubun-dubata cikin 'yan makonni, zakuna da kuraye kuma suna biye da su ba dare ba rana. Sai dai waɗannan filaye ba su da ruwa mai ɗorewa, don haka da zarar babbar damina ta Maris zuwa Mayu ta ɗauke, sai garken ya nausa arewa maso yamma, ya ratsa yankin kogin Grumeti a wajen Yuni, ya isa kogin Mara da gandun Masai Mara na ƙasar Kenya tsakanin Yuli da Oktoba, sannan ƙaramar damina ta Nuwamba ta jawo shi kudu. Duk wanda ya san yadda makiyayi yake tashi da shanunsa idan kiwo ya ƙare, ya kuma dawo idan ruwa ya sauka, ya riga ya fahimci wannan tafiya, har da cewa ranar tashi tana iya matsawa gaba ko baya da makonni, gwargwadon yadda damina ta zo a shekarar.

Abin da yake rikita mutanenmu shi ne lokutan shekara sun saɓa da namu. Wanda ya saba zuwa Yankari ya san a rani ake ganin dabbobi, musamman daga Disamba zuwa Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe, giwaye da ɓauna suka taru a bakin kogin Gaji. A arewacin Tanzaniya rani yana faɗowa ne tsakanin Yuni da Oktoba, daidai lokacin da muke tsakiyar damina, kuma a watannin ne giwayen Tarangire suke taruwa a kogin gandun, cikin itatuwan kuka irin waɗanda muka sani a gida. Hakan ya sa dogon hutun makaranta ya dace da lokacin tsallake kogi, amma shi ne kuma lokacin da farashi yake kaiwa ƙololuwa, sansanonin da ke kusa da kogin Mara a Kogatende suke cika tun watanni da yawa kafin ranar. Ni dai idan aka bar mini zaɓi, Fabrairu nake nuna wa mai ƙananan yara, saboda garken yana zaune a wuri ɗaya, fili a buɗe yake, ba a kuma daɗe ana jira kafin a ga abin kallo.

Daga nan na koyi iyakar alkawarin da mai shirya tafiya zai iya ɗauka. Ko an je a tsakiyar Agusta, garke yana iya taruwa a gaɓar kogi tun da safe, ya yi ta kai da kawowa har azahar, sannan ya juya ya koma ba tare da ko ɗaya ya taɓa ruwa ba. Damisa tana yawan kwanciya a kan itatuwan da ke bakin kogin Seronera, amma ganinta rabo ne. Karkanda kuwa ta yi ƙaranci ƙwarai saboda masu farautar ƙahonta, kuma ko a kwarin Ngorongoro, inda aka fi sa ran ganinta, sau da yawa daga nesa ake hango ta da madubin hangen nesa. Saboda haka a takardar tsarin tafiya nakan raba abin da ake ganinsa kusan kullum, kamar giwa da raƙumin dawa da jakin dawa da zaki, da abin da sai an dace. Wasu abokan sana'a suna ganin wannan yana sanyaya gwiwar mai saye, ni kuwa na lura wanda aka gaya wa gaskiya tun a ofis shi ne yake dawowa da farin ciki, domin bai ɓata kwanakinsa yana neman dabba guda ya rufe ido ga sauran ba.

Nisa ma yana yaudarar mutane idan a taswira kawai suka duba. Faɗin Serengeti ya kai murabba'in kilomita 14,750, hanyoyin cikinsa na tsakuwa ne da ƙura, an kuma taƙaita gudun mota, don haka daga birnin Arusha zuwa Seronera a tsakiyar gandun ana cinye kusan yini guda. Mai son a zagaya da shi gandu biyar cikin mako ɗaya zai ƙare kwanakinsa a kan hanya, ya isa masauki da dare a gajiye, ya rasa fitar asuba, alhali da sanyin safiya da na yamma ne dabbobi suke motsi, da rana kuwa zaki kwance yake a inuwa. Nakan ba da shawarar a rage wurare a ƙara kwanaki, idan kuma aljihu zai ɗauka a shiga ƙaramin jirgi a ɗaya daga cikin hanyoyin biyu, tafiya ko dawowa. Waɗannan ƙananan jirage yawanci kilo 15 kawai suke amincewa da shi, a cikin jaka mai laushi, abin da sai an nanata wa wanda ya saba tafiya da manyan akwatuna.

Batun kuɗi yana buƙatar karatun takarda layi-layi. Ana biyan kuɗin shiga gandu a kan kowane mutum, na awa 24, kuma ɗan Najeriya ko Nijar yana biya ne da dala a sahun baƙi, domin rangwamen na 'yan ƙungiyar ƙasashen gabashin Afirka ne da mazauna ƙasar. Sauka cikin kwarin Ngorongoro yana da nasa kuɗin dabam a kan kowace mota. Idan farashin wani kamfani ya yi araha fiye da kima, akasari ya cire waɗannan kuɗaɗe ne daga lissafi, ko ya sa masauki a wajen ƙofar gandu, ko kuma zai cusa baƙi da yawa a mota ɗaya har wasu su rasa taga. Kafin in tura ko sisi nakan nemi ganin lasisin kamfanin, in duba ko yana cikin ƙungiyar masu shirya yawon buɗe ido ta Tanzaniya, wato TATO, kuma ba na biyan kuɗin da ba a mayarwa sai biza ta fito. Lokacin da na fara aikin, masu fasfon Najeriya da Nijar da Chadi suna cikin waɗanda ba a ba su biza a filin jirgi, sai an nemi izini daga hukumar shige da fice tun makonni kafin tafiya, kuma irin waɗannan dokoki suna sauyawa, don haka kowace tafiya sai an sake bincikawa.

Sauran shiri ba shi da wuya. Katin rigakafin shawara wajibi ne ga mai fitowa daga ƙasashenmu, a kuma ga likita game da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro. A guji baƙaƙen tufafi da shuɗi mai duhu saboda suna jawo ƙudan tsando, musamman a Tarangire. A riƙe rigar sanyi mai kauri, domin gefen kwarin Ngorongoro ya haura mita 2,000 a sama da teku, sanyinsa na asuba a Yuni da Yuli yana ratsa ƙashi. An haramta shiga da leda ƙasar tun 2019.

Akwai abubuwan da kamfanonin can ba za su tuna da su ba sai an faɗa musu, kuma a nan ne amfanin mai shirya tafiya na gida yake bayyana. Ba a yarda baƙo ya sauka daga mota a cikin gandu ba sai a wuraren da aka keɓe, don haka tun da dare ake zama da direba a tsara inda za a tsaya cin abincin rana, a yi alwala, a haɗa azahar da la'asar bisa sauƙin da aka yi wa matafiyi. Alƙibla a can tana wajen arewa ne, ba gabas ba kamar yadda muka saba, kuma dattawa sun fi natsuwa idan an gaya musu haka tun kafin su tashi. Yawancin sansanonin tanti ba su da shinge, dorina ko ɓauna tana iya kiwo a bayan tanti, shi ya sa ba a fita da dare sai da rakiyar mai gadi, kuma wanda yake son jam'in asuba da 'yan uwansa sai ya sanar tun daren jiya. Musulmi suna da yawa a Tanzaniya, naman halal ba ya wuyar samu a Arusha, amma sansanin da ke tsakiyar daji daga gari ake kawo masa kayan abinci, don haka sai an rubuta buƙatar a takardar yarjejeniya tun farko.

Duk wannan shiri a hannun mutum ɗaya yake ƙarewa, wato direban da yake kuma ɗan jagora. Gwani a cikinsu yana karanta sawu a ƙasa, yana lura da inda ungulaye suke kewayawa, yana jin kukan gargaɗin birai ya san akwai damisa kusa. Ƙasar ta daɗe tana horar da masana namun daji, kwalejin Mweka da ke gindin dutsen Kilimanjaro tana wannan aiki tun 1963, kuma nakan tambayi kamfani irin horon da direban ya samu da shekarun da ya yi a gandun kafin in tambayi yawan ɗakunan masauki. Abin da yake damuna shi ne yadda baƙi suke matsa wa direbobi. Wani ɓangare na abin da direba yake samu tukwici ne, idan baƙo ya nace a matsa kusa sai ya sauka daga hanya, wanda haramun ne a Serengeti, ko ya shiga sahun motocin da suke toshe mashigar kogi har garke ya firgita ya faɗa ta gaɓa mai tsayi inda da yawa suke karyewa. Saboda haka nakan roƙi mutanena su bar direba ya tsaya inda doka ta ce, su kuma ba shi tukwicinsa cikakke ko da ba a ga abin da aka fita nema ba.

Akwai kuma mutanen da ƙasar take tasu. A wajen 1960 nyumbun Serengeti kimanin 250,000 ne kawai, saboda cutar bushiya da suke ɗauka daga shanu, cutar da ta taɓa ƙarar da garken Fulani a yankinmu a ƙarshen ƙarni na 19, ta sake ɓarna a shekarun 1980. Da aka yi wa shanun makiyayan da ke kewaye da gandun rigakafi, cutar ta ɓace daga namun daji, yawansu ya haura miliyan 1 kafin ƙarshen shekarun 1970. Ke nan garken da ake biyan dala domin kallonsa rayuwarsa a haɗe take da ta makiyaya. Su kuwa Masai, makiyayan yankin, an fitar da su daga Serengeti a 1959 aka mayar da su Ngorongoro da Loliyondo, kuma tun 2022 ana takaddama mai zafi kan shirin gwamnati na sake tayar da wasunsu daga can. Wannan ya sauya irin tambayoyin da nake yi wa kamfanoni: 'yan ina ne ma'aikatan sansanin, kuma idan an kai baƙi ziyarar ƙauye, hannun wa kuɗin yake shiga. A ɓangaren Kenya, kewaye da Masai Mara, akwai filaye irin su Naboisho da Olare Motorogi waɗanda masu su Masai suka bayar haya ga masu sansanoni, ana biyansu a kai a kai, an kuma ƙayyade yawan baƙi da motocin da za su shiga. Kwana a irin waɗannan wurare ya fi tsada, don haka nakan ajiye farashin biyu a gaban mai tafiya, in bayyana masa inda bambancin kuɗin yake zuwa, sannan ya zaɓa.