Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Daren Sallamar Black Sabbath

A makon jiya na tsaya a inda na samu gurbin karatu a Ingila. Kafin mu shiga aji, bari in ɗan ratse, don wasunku sun dame ni da tambayar yadda aka yi na faɗa kiɗan metal, wato kiɗan rock mai nauyi da ƙarar jita da ganga.

Yayana ne ya jawo. Shi ya shigo da faifan ƙungiyar Linkin Park na farko, wanda ya fito a 2000, ya ce, "Ƙanena, saurari wannan, amma ka rage sauti." Ban rage ba. Daga su na tsallaka wajen Metallica, sai Slayer. Lokacin jini na tafasa, gudu kawai nake nema, ganga ta riƙa zuba kamar ƙanƙara a kan kwano. Black Sabbath kuwa kiɗan tsofaffi nake kiransu, ina jin jitarsu na jan ƙafa sai in sauya faifai.

Haka nake har ranar 4 ga Fabrairu, 2017, da wani abokin karatuna ya ja ni ɗakin wasa na Genting Arena a Birmingham, garin da aka kafa ƙungiyar Black Sabbath a 1968. Wasan ƙarshe ne na rangadinsu na ban kwana. Uku daga cikin huɗun asali ne suka hau dandamali: mawaƙinsu Ozzy Osbourne, da makaɗan jita Tony Iommi da Geezer Butler. Makaɗin gangarsu Bill Ward bai zo ba saboda saɓani kan kwantiragi, Tommy Clufetos ne ya zauna a kujerarsa, kuma na ji masu furfura a kusa da ni suna ta mita a kan hakan.

Muryar Ozzy takan kuɓuce masa, wannan ba a ɓoye yake ba. Iommi ne ya tafi da hankalina. Yana ɗan shekara 17 inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama a masana'antar ƙarfe, ga shi bahago, da wannan hannun yake danne tsirkiya. Sai ya yi wa yatsun 'yan huluna na roba, ya koma siraran tsirkiyoyi, daga baya ya sassauta ɗaurinsu don zafin ya ragu. Sautin ya faɗa ƙasa, ya yi kauri. A 2012 aka gano yana da cutar daji. Ga shi tsaye yana da shekara 68, ba tsalle, ba guje-guje. Idan ya kaɗa sau ɗaya sai ya ƙyale sautin ya yi ta ruri, kana jinsa a haƙarƙari kafin ya kai kunne. A wurin na fahimci duk gudun da nake bi, 'ya'yan wannan jan ƙafar ne.

Tun daga daren na rage Slayer. Su ma ba su zauna yadda na san su ba. Makaɗin jitarsu Jeff Hanneman ya rasu a 2013, suka yi ban kwana a 2019, sai ga su sun dawo a 2024. Mawaƙin Linkin Park Chester Bennington ya rasu a Yulin 2017, kuma da suka ɗauko mawaƙiya Emily Armstrong a 2024 aka yi ta cacar baki. Ni ban shiga ba. A ganina masoyan metal sun cika son daskarar da gwanayensu a shekarar da suka fara jinsu. Mutanen da suka yi fushi don 'yan Metallica sun aske gashi a 1996, me kuma ba za su yi fushi a kai ba?

Ashe ma sallamar da na halarta ba ita ce ta ƙarshe ba. Ranar 5 ga Yuli, 2025 Black Sabbath suka sake haɗuwa a filin Villa Park da ke Birmingham, wannan karon har da Bill Ward. Metallica da Slayer duk sun yi wasa kafin su. Ozzy a zaune ya rera saboda cutar Parkinson, ya rasu ranar 22 ga watan. Ta intanet na kalla, na kira Yaya a waya, ya ce shi har gobe Linkin Park ɗinsa sun ishe shi.

Mako mai zuwa za mu koma makaranta, ku ji yadda muka ƙare da malamin da ya duba kundin digirina.