Wai ɗinkin bakin igiya aikin tsofaffi ne

Talata. Hadari ya haɗo ta wajen Apapa tun da asuba amma ko ɗigo bai sauka ba, sai zafin nan na Legas mai sa riga ta manne a jiki. Na fita Obalende da wuri, na tsaya wajen Hajiya na sha kunu da ƙosai, ta ce in gaida Kawu, na ce zai ji.

Da safe kam raina fes yake. Wuƙar lantarkin yankan igiya da Oga ya yi oda ta iso wurin aikinmu na igiyoyin jiragen ruwa, ƙirar Jamus, kunama gare ta irin ta bindiga, kana dannawa kafin ka ƙirga goma bakinta ya yi jawur, a jikin kwalin ma an rubuta wai zafinta na kaiwa digiri 600. Ni da Auta, yaron da nake koya wa aiki, muka samu tayil ɗaya muka aza a kan benci don kar ta ƙona katako, muka kwaso guntayen igiyoyin da ke cikin buhu muka yi ta yanka muna dariya sai ka ce yara ranar sallah. Gaskiya abin ya burge ni, ƙarya haram. Igiyar foliyesta mai kaurin milimita 12 ka ɗora mata bakin kawai ta rabu biyu kuma ko wane ɓangare ya toshe kansa, ba tsefewa ba baƙin hayaƙi a jiki. Wanda ya san wahalar da ake sha da laita a bakin ruwa shi zai gane, ka naɗa salatif, ka yanka a tsakiyar salatif ɗin, ka kunna laita iska ta kashe, ka juya baya ka kare da jikinka ka sake kunnawa, igiyar ta kama da wuta maimakon ta narke, sannan ɗigon ya sauko maka a yatsa ya manne da fata. Duk mai wannan sana'ar ka duba babban yatsansa za ka ga tabo. In kuma an ɗauke wuta ko laita ta ƙare sai a ɗora tsohuwar wuƙa kan gas har ta yi ja, shi ma yana yi amma yanka biyu ta huce.

To aikin yau na wani farin jirgin ruwa ne mai tafiya da iska, za a canza masa igiyar da ke jan ƙyallen iska zuwa ƙolin sanda. Mai jirgin da kansa ya taho da ita daga Ingila, mai riga da ciki ce, rigar foliyesta cikin kuma Dyneema, wani zaren roba mai ƙarfi. Na auna, na ƙara tsawo kaɗan saboda gaba in wurin da ke gogar fuli, 'yar tayar nan da igiya ke bi ta kanta, ya cinye a datse a ci gaba da amfani, na yanka da sabuwar wuƙar, sannan na zauna na ɗauko allura da zaren kaki da fatar tafin hannu na fara ɗinke bakin yadda na saba.

Ina cikin naɗa zaren sai ga Oga a kaina.

Ya ce Malam me kake yi haka?

Na ce Oga bakin nake ɗinkewa.

Ya ce to kuɗin da na kashe na sayo wuƙa na mene ne, ba ta riga ta toshe shi ba?

Na ajiye allurar na yi masa bayani a tsanake don ni ba na son gardama da safe. Na ce ranka ya daɗe wannan igiyar abu biyu ne a haɗe kuma ba zafi ɗaya ke narka su ba. Dyneema wajen digiri 150 ta narke, ita foliyesta sai ta kai kusan 260, to kafin rigar ta yi laushi cikin ya riga ya zama ruwa ya noƙe can ciki, abin da ido ke gani a waje ɓawo ne kawai a bakin rigar, ba su kama juna ba. Kuma Dyneema santsi gare ta, ƙulli ma zamewa yake yi a jikinta balle ɗan narkakken baki. In iska ta yi ta bugun bakin da sanda ko wani ya taka shi da takalmi ɓawon ya fashe, rigar ta fara ja baya cikin ya leƙo, ranar da ake tsakiyar ruwa ana son zura ta a fuli sai ta ƙi shiga. Ɗinkin shi ne ke ratsa rigar da cikin ya haɗa su, ka naɗa zare tam tsawonsa ya kai kaurin igiyar ko ya ɗan fi, sannan ka soka allura ta ratsa ka ɗaure naɗin don kar ya zame.

Ya saurara fa, ban ce bai saurara ba. Da na gama sai ya kalli agogo ya ce minti nawa baki ɗaya ke ci maka, na ce bai fi goma ba, ya ce igiya nawa ke kan jirgi, ko wacce baki biyu, ka lissafa. Sannan ya juya wajen Auta yana dariya ya ce kai kar ka koyi wannan, aikin tsofaffi ne, kama wuƙa ka yi min sauran.

Auta ma ya yi dariya. Wannan dariyar ce ta tsaya min a rai har yanzu da nake rubutun nan.

Ba wai maganar Oga ba ta da kai ba ne kwata kwata. Akwai igiyar da ni ma ba zan ɓata zare a kanta ba. Shuɗiyar nan ta kasuwa da ake ɗaure rago ko a ja guga da ita, wadda ke yawo saman ruwa, rana ce ke cinye ta tun kafin bakinta ya warware, ƙona ta kawai ka wuce. Ta nailan mai tufka uku da muke ɗaure jirgi a jeti ko a saka wa anga saboda tana miƙewa ta shanye fizgar igiyar ruwa, ita ma in ka narka ta da kyau ka murza bakin da jiƙaƙƙen tsumma ya yi tsini tana ɗaukar lokaci, duk da ni ko ita na fi son in ɗinke. Amma a ce duka igiya wuƙa ɗaya ta ishe su, wannan kam a'a. Akwai ma wadda ba ta narkewa sam, irin su Kevlar da Technora, ka sa musu wuta sai dai su yi baƙi su zama gawayi su marmashe, ina son in ga ranar da Oga zai ɗora sabuwar wuƙarsa a kan irin wannan. Su ko yankawa da almakashi sai mai haƙora, wuƙar banza kuwa yanka kaɗan ta dakushe.

Kawu ne ya koya min ɗinkin nan. Shi ya zo Legas lokacin da jiragen siminti suka cika bakin teku a 1975 suna jiran layi wata da watanni, ya yi dako a Apapa, a nan ya ga ma'aikatan jirgi na ɗinke bakin igiya, kuma a lokacin har yanzu akwai igiyoyin zaren tsiro da yawa a tasha, waɗanda in ka kai musu wuta toka za ka samu, dole sai zare. Da ma hannunsa ya saba da basilla tun yana ɗinkin buhu a gida, nan da nan ya ɗauka. Ranar da ya fara nuna min sai da ya sa na warware na sake har yatsuna suka yi ja, in ya sa farce ya ga naɗin ya motsa ko kaɗan ba ya magana, miƙo min kawai yake yi. Yanzu idonsa ba ya ganin kafar allura. Ni kuma na kawo Auta nan ne da niyyar abin da Kawu ya ba ni in ba shi, ga shi tun ba a je ko'ina ba an faɗa masa a gabana cewa ba shi da amfani.

Da azahar muna alwala na ce masa Auta zo in nuna maka abu. Na ɗauko guntu biyu na igiyar farin jirgin, ɗaya nawa ɗinkakke ɗaya nasa na wuƙa, na ce buga su a kan siminti. Ya buga ya buga, nasa ya tsage ta gefe farin cikin ya fara leƙowa, nawa ko gezau. Ya juya shi a hannu ya ce Yaya ai gaskiyarka ne amma Oga ne ke biya. Ban ce komai ba don me zan ce, yaron bai yi ƙarya ba.

Sauran yinin haka nan dai. Shinkafa da wake wajen mai koren laima, ta ƙara kuɗi kuma. Wani ɗan kwale kwale daga Tarkwa Bay ya zo neman guntayen igiya na ba shi rabin buhun da muka yanka da safe. An ɗauke wuta wajen ƙarfe uku, janareta ba mai, wuƙar Jamus ta kwanta a kwalinta, ban yi dariya ba wallahi, na dai kalli Auta shi ma ya kalle ni.

Bayan Oga ya tafi na tsaya na ɗinke bakin igiyoyin farin jirgin guda huɗu da suka fi shan wahala, a lokacina ne ba nasa ba, in ya gani ya yi magana to. Shi ya sa na makara, go-sulo a Falomo ya riƙe ni har bayan isha'i, maman yara ta kira sau biyu tana tambayar kuɗin makarantar Ummi.

Zaren kakin ya kusa ƙarewa kuma na san ba za a sayo wani ba yanzu. Asabar in Allah ya kai mu zan leƙa Idumota wajen masu kayan takalmi in ga ko nasu zai yi, in ba mai kaki ba ne na goga masa kakin zuma da kaina.