Sitikar kwalaben humra ta zauna, bayan milimita 8 sun hana ni barci

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon zane a kwamfuta. Alhamdu lillahi, sitikar kwalaben humrar Yayata ta fito daidai awonta, baki ya hau kan baki har da 'yar rara. Da zafi-zafinsa nake rubuta wannan, don na san a cikinmu akwai masu shirin kai aikinsu shagon firintin, kuma abin da ya ci mini kuɗi ba ya cikin abin da ake nuna mana a darasi.

Aikin ba wani babba ba ne. Faɗin kwalbar milimita 40 ne, ka ninka da 3.14 ka ga kewayenta ya doshi 126. Na yanko siririyar takarda na naɗa mata, lissafi ya yi daidai. Na ƙara 5 saboda wurin da baki zai hau baki, sitika ta zama 131 a tsawo, 45 a tsaye. Idan aka kwantar da su a A4, mai milimita 210 da 297, guda 8 ne ke shiga, biyu-biyu sahu huɗu, har da rarar launi ta milimita 2 a kowane gefe saboda yanka. Da manhajar zane ta Inkscape nake aiki don laftof ɗina ba ta son kaya masu nauyi, su kuma a shagon CorelDRAW ne a kwamfutarsu, kamar yawancin shagunanmu.

Karon farko yaron shagon ya ce, "Malam, turo ta WhatsApp kawai." Na fitar da sitika ɗaya a matsayin hoto na tura. Abin da ya fito ya cike takarda daga wannan gefe zuwa wancan, ko galan ɗin manja zai iya naɗewa. Ba zan daɗe a nan ba, kun san zancen: hoto ba ya da santimita, fiksel kawai gare shi. Sitikata a 300 dpi, wato fiksel 300 a kowane inci, fiksel 1547 ce a tsawo. Manhajar da ta ɗauka fiksel 96 ne a inci ɗaya za ta ce tsawonta milimita 409 ne, wadda ta ɗauka 72 za ta ce 546, alhali hoton bai canja ba. Ɗan bayanin dpi da ke maƙale a jikin fayil shi ke gaya wa manhaja girman da ake nufi, kuma idan aka tura fayil a matsayin hoto ana matse shi, wannan bayanin ma yakan salwanta a hanya. Daga ranar sai PDF, kuma a matsayin dokumen nake tura shi.

To a PDF ɗin ne wasan ya fara.

Mun gwada a farar takarda, na ɗora rula: 119. An ci mini milimita 12. Na leƙa allon kwamfutar, sai ga shi an zaɓi Fit a tagar bugawa. Wannan sananne ne. Firinta ba ta iya kai tawada har bakin takarda, tana barin 'yan milimita a gefe, shi kuma Fit sai ya ƙanƙance shafin duka don ya shige cikin filin da ya rage. Muka mayar da shi Actual size, wato ainihin girma, aka sake bugawa, ga zane ya ƙara girma a ido ƙuru-ƙuru. A daidai lokacin aka ɗauke wuta, mai shago ya tada janareta yana cewa man ba zai kai ko'ina ba, ga mutane a bayana da takardun makaranta. Aka zuba takardar sitika mai ƙyalli aka buga gaba ɗaya, naira 4,200.

Da dare na yanka ɗaya na naɗa a kwalba. Bakin bai haɗu ba. Wata 'yar tsaga ta kusan milimita 3 ta rage a baya, ana hango ruwan humrar ta cikinta. Na auna: 123. Yaya ta karɓi kwalbar ta juya ta a hannu, ta ce, "Auta, wannan ai rigar ta yi mata kaɗan." Ta yi dariyarta ta wuce kicin, ni kuwa kamar in yi ihu. Takardar sitika ba a goge ta a sake, kuma ba kwalbar da ta fi wannan siranta a gidan balle in ce a rage asara.

Na raba 123 da 131, ya ba ni kusan kashi 94 cikin ɗari. Ganin lambar nan sai zuciyata ta tafi wuri guda. Kafin fitowar Inkscape 0.92 a farkon 2017, manhajar tana lissafin fiksel 90 ne a inci ɗaya, daga baya ta koma 96 don ta dace da ƙa'idar da burauza ke bi. Raba 90 da 96, ka samu 93.75. Ga shi kuma adon furannin da na zagaye sitikar da shi daga wani tsohon fayil na SVG, irin wanda Inkscape ke adana zane a ciki, na ɗauko, har na tuna lokacin da na buɗe shi manhajar ta tsayar da ni da tambaya a kan yadda za ta juya awonsa. Duk wanda ya ga wannan zai rantse ya kama ɓarawo. Na buɗe sabon shafi, na sa komai a milimita tun daga Document Properties, na sake zana furannin da hannuna ɗaya bayan ɗaya, ban kwafo ko ɗigo daga tsohon fayil ba. Gaskiya sun fi na da kyau, wannan kaɗai na ci. Na koma shago, farar takarda, Actual size, na ɗora rula. 123.

Abin da ya sa wannan zargi ya riƙe ni har haka shi ne rula ba ta iya raba shi da gaskiyar. Kashi 93.75 na 131 shi ne 122.8. Ainihin abin da ke faruwa, wanda zan zo kansa, yana ba da 123.2. Tsakaninsu bai kai rabin milimita ba, kuma rular roba ta 'yan makaranta ce a hannuna. Hanyar da ta wanke fayil ɗin mai sauƙi ce: na sake shigo da PDF ɗin cikin Inkscape na danna sitika, ta nuna 131. Na duba bayanan shafin a manhajar karanta PDF, ta nuna inci 8.27 da 11.69, wato A4 cif. Fayil lafiyarsa lau. Ashe tsakanin kwamfutar shagon da bakin firinta ake yanke mini awo.

Yaron shagon, Allah ya saka masa, ya kawo shawarar da na san da yawanku za su kawo: "Malam, ka ƙara girmansa zuwa 106 mana, in ta rage sai ya dawo daidai." Lissafinsa bai yi kuskure ba, amma na ƙi. Ranar da na kai wannan fayil wani shagon da firintarsa ke lafiya, sitika za ta fito 139, ta rufe rubutun bayanta. Sannan faɗin sahu huɗun nan, wanda yake 196, zai koma kusan 208 a takarda mai 210, na gefe su faɗa inda tawada ba ta kaiwa. Fayil mai awon ƙarya ba ya zama a kwamfutata, don wata uku nan gaba ba zan tuna dalilin da ya sa na kumbura shi ba.

Abin da ya tona asirin wani shafin gwaji ne da na ƙirƙira don haushi. Ba ado, ba launi. Murabba'i mai milimita 100 a tsakiya, sai layi da ya zagaye shafin, milimita 10 daga kowane baki. Da ya fito, murabba'in 94 ne a kwance, 94 a tsaye, wato ragin iri ɗaya ne ta ko'ina, ba jan takarda ba ne ke zamewa. Sai na auna gefuna. Daga bakin sama zuwa layi milimita 9 da ɗoriya. Daga layin ƙasa zuwa bakin takarda kuwa 27. Na tsaya ina kallon farin filin nan na ƙasa. Da a ce ragewa kawai aka yi aka ajiye a tsakiya, da sama da ƙasa sun zo ɗaya. Bambancin kusan 18 ne, kuma akwai takardar da ta gaza A4 da milimita 17.6 a tsawo: Letter, ta Amurka da Kanada, mai inci 8.5 da 11, wato milimita 215.9 da 279.4. Raba 279.4 da 297, ka samu kashi 94.07. Firintar tana ganin gajeriyar takarda ce a cikinta, tana matse mini shafi don ya shiga, alhali A4 ce a tiren.

Na roƙi mai shagon ya bar ni in shiga Properties na firintar, can ciki, ba tagar farko da kowa ke gani ba. Bai so ba. "Malam, shekara nawa muna aiki da injin nan, ba wanda ya taɓa dawo mana da takarda." Na ce, "Haka ne, Alhaji, minti biyu kawai, in na ɓata wani abu ni zan biya." Ga shi nan a shafi na biyu na saitin: girman dokumen A4, takardar fitarwa Letter, an yi wa akwatin ragewa da ƙarawa alama, har lambar 94 tana zaune a gefe abinta. Muka cire alamar, muka mayar da takardar fitarwa A4. Murabba'i ya fito 100 da 100. Na auna shi ta kowace kusurwa ina murmushi ni kaɗai, yaron yana kallona.

A nan ne 119 ɗin farko ma ya warware. Ragi biyu ne aka ɗora wa juna: Fit ya ci kusan kashi 3, saitin firinta ya ci 6 daga abin da ya saura, ya zama kashi 91. Mun cire na sama muka ga zane ya girma, muka ɗauka an gama. Actual size yana hana manhajar PDF taɓa awo ne kawai, ba shi da iko da abin da manhajar firinta za ta yi bayan an miƙa mata shafin.

Ban ga laifin Alhaji ba, kuma maganarsa gaskiya ce. Mai buga takardar neman aiki ko furojet ba ya zuwa da rula, rubutu ya ragu da kashi 6 ba wanda zai lura. Kwamfutocinmu kuma da yawa na hannu ne daga waje, ko an ɗora musu Windows an bar yankin a Amurka, sai Letter ta zama ita ce zaɓin farko a wurare da dama ba tare da kowa ya zaɓe ta ba. Mu da ke kan tsarin A, wanda ya samo asali daga Jamus a 1922, injinan hoton takardu ma sun san da wannan rikici, shi ya sa a wasunsu za ka tarar da 94 a jerin lambobin ragewa, kusa da 71 na mayar da A3 zuwa A4.

Wani ɗan ƙaramin abu ya biyo baya, shi ma ku duba naku. Layin yanka da na zana kaurinsa milimita 1 ne, kuma Inkscape a saitinsa na asali yana haɗa kaurin layi cikin lambar da yake nunawa a W da H, wato faɗi da tsayi. Wato 131 ɗin daga wajen layi ne zuwa wajen layi. Ni kuma ta ciki nake bi da reza don kada baƙi ya fito a gefen sitika, sai in tashi da 129. Na shiga Preferences, ƙarƙashin Tools, na mayar da shi Geometric bounding box, wanda ba ya lissafa kaurin layi, na sirance layin zuwa 0.1, na daina zagaye sitikar da shi ma gaba ɗaya, sai 'yan alamomi a kusurwa. CorelDRAW ba ya lissafa kaurin layi a girman abu, don haka in kuna musayar fayil da mai Corel kuka ga lambobinku sun saɓa da milimita ɗaya, ku fara dubawa nan.

Yanzu kowane shafi da zan kai bugu yana ɗauke da siririn layi mai milimita 100 a gefen sama, da rubutu ƙanana a ƙarƙashinsa cewa in bai kai santimita 10 ba kada a ci gaba. Rular ƙarfe na saya, naira 1,500, tana cikin jakar laftof. Farar takarda ake fara sawa, in auna, sannan a zuba mai tsada, ko janareta na kuka ko ba ya yi. Bugun ƙarshe ya ba ni 131 a sitikun sama, na ƙasa kuma kamar sun ɗara da ƙasa da rabin milimita, wanda na ɗora a kan yadda injin ke jan takarda mai kauri. Rarar milimita 5 ta shanye wannan. Yaya ta jera kwalabe a tire ta ɗauki hoto ta sa a sitatus, kafin isha'i an yi odar dozin biyu.

Tsarin da na yi tun farko shi ne in gama humra, in wuce katin godiya, sannan sitikar robobin turaren wuta. Katin ya sha ruwa tukuna, don ruwan zinaren da na zaɓa ya fito kamar kunun gyaɗa da ya kwana, kuma ban ga alamar tawada huɗun firinta za ta ba ni ƙyallin da allo ke nunawa ba, sai dai in nemi takarda mai ruwan zinare in buga baƙi a kanta. Robobin turaren ne suka tsaya mini a rai yanzu. Ba miƙaƙƙu ba ne, faɗin sama milimita 70, na ƙasa 62, tsayin wurin sitika 50. Miƙaƙƙiyar sitika tana hawa a karkace ta tattare, dole a lanƙwasa ta kamar baka. Lissafina ya ba ni da'ira biyu masu cibiya ɗaya, babbar da rabin faɗi kusan milimita 439, ƙaramar 389, a yanki kusan digiri 29 a tsakaninsu. Na yanka a farar takarda ta zauna ba laifi, amma rubutun sunan yana miƙe yayin da takardar ke lanƙwashe, in an naɗa sai ya yi kamar zai zame ƙasa ta gefe biyu. Wanda ya taɓa lanƙwasa rubutu da tambari tare a Inkscape ba tare da harufan sun mokaɗe ba, ya taimaka mini da yadda ya yi, Path Effects ya bi ko Put on Path.