Garantin Da Bai Tsallaka Teku Ba

Na ajiye aikina a shagon sayar da motoci na hannu da ke kasuwar Al Awir a Dubai, kuma tun da labarin ya bazu abokan sana'a suke ta tambayata dalili, wasu ma sun riga sun yanke wa kansu hukunci cewa korata aka yi. Ba korata aka yi ba. Duk wanda ya san kasuwar ya san matsayin irina a cikinta: Bahaushe mai jin Larabci da Turanci, wanda ake ajiyewa domin ya tarbi manyan baƙi daga Abuja da Kano da Yamai, ya sha shayi da su, ya sa su saki jiki har a kai ga biyan kuɗi. Motocin na mai shago ne, farashi na hannun manaja, ni kuwa abin da nake sa wa a ciniki shi ne fuskata da sunan gidanmu.

Motar da ta raba ni da wurin Nissan GT-R ce, fara, ƙirar Amurka. Garantin da kamfanin ke bayarwa a can kan inji da giyabos shekara 5 ne ko mil 60,000, duk wanda ya riga cika, kuma wannan motar ba ta kai ko ɗaya daga ciki ba. A kan haka manajanmu ya kafa hujja ya ce a rubuta a talla cewa tana da sauran garantin kamfani. Da na bi lambar shasinta a Carfax, shafin da ke ajiye tarihin motocin Amurka, sai na tarar ta taɓa yin hatsarin da ya sa inshora ta biya mai ita kuɗinta gaba ɗaya, aka sayar da ita a gwanjon lalatattun motoci, aka ɗoro ta a jirgin ruwa, aka gyara jikinta a Sharja. Gyaran kam ya yi kyau, domin sai ka ɗaga robar bakin ƙofar direba sannan kake ganin layin da sabon fenti ya tsaya. Makanikenmu, wani dattijo marar yawan magana, ya jona kwamfutarsa ya nuna mini abu na biyu: an taɓa sauya manhajar burenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, domin ƙara masa ƙarfi, sannan aka mayar da ta asali kafin a kai motar gwanjo. Ya ɗora yatsa a kan gilashin kwamfutar ya bar shi a wurin har sai da ya tabbata na gani, ya naɗe wayarsa ya koma kan aikinsa.

Abu uku ke nan, kuma kowane ɗaya shi kaɗai ya isa ya kashe garanti. An rubuta shi ne domin motar da ke da rajista a Amurka ake kuma tuƙa ta a can. Ba ya aiki a kan motar da inshora ta riga ta yanke mata hukuncin lalacewa. Sannan ba ya ɗaukar ɓarnar da ta biyo bayan taɓa manhajar inji. Kamfanin da ya ƙera motar ba shi da laifi ko kaɗan a nan, sharuɗɗansa a rubuce suke ga mai son karantawa. Kuma duk wanda ya daɗe a harkar GT-R ya san ba a wasa da giyabos ɗinta. Tun ƙirar 2009 da ta fara shiga Amurka aka yi rigima a kansa, lokacin da masu motar suka riƙa kashe na'urar da ke hana santsi domin su fizge ta daga tsaye da cikakken ƙarfi, giya ta riƙa karyewa, aka ƙi gyara wa wasu a ƙarƙashin garanti, alhali sabon giyabos yana kai wa kusan dala 20,000. Magana ta kai kotu, daga baya aka sake tsara manhajar aka rage zafin tashin. Tun daga lokacin dillalai suka gane cewa irin wannan mota tana rubuta abin da aka yi da ita, kuma wakilin kamfani zai karanta rubutun kafin ya saurari kowa.

Na rubuta wa manajan duk wannan ta imel, na ce a cire kalmar garanti daga talla, a rage farashi, a sayar da ita a matsayinta. Bai amsa a rubuce ba. Ya kira ni ofishinsa ya ce mini motar Afirka za ta tafi, kuma kafin wani abu ya faru teku ta raba mu da ita. Akwai wani Alhaji daga Abuja da na daɗe ina hulɗa da shi, wanda ya taɓa nuna sha'awarta, na karkatar da shi zuwa wata mai tsada kaɗan, wadda aka saya sabuwa a wurin wakilin kamfani na yankin kuma takardun sabis ɗinta suke cikakku. Ina gida hutun Sallah manajan ya kira shi, ya yi masa ragi mai daɗi, ya rufe cinikin farar. A rasit ya sa an rubuta cewa akwai garanti bisa sharuɗɗan kamfani, jimlar da lauya zai iya karewa amma mai saye ba zai taɓa fahimtarta yadda aka nufa ba.

Motar ba ta daɗe a Abuja ba ta daina shiga wasu giyoyi. Giyabos ɗin GT-R kuloci biyu gare shi, ɗaya yana riƙe da giya ta 1 da ta 3 da ta 5, ɗayan ta 2 da ta 4 da ta 6, saboda haka idan ɓangare ɗaya ya samu matsala sai motar ta riƙa tafiya da rabin giyoyinta tana kunna fitilar gargaɗi. Alhaji ya kira ni da daddare, bai ɗaga murya ba, abin da ya fi zafi ke nan. Ya ce, “Malam, ni ban san manajanku ba. Kai na sani, mahaifinka na sani.” Na ce, “Ranka ya daɗe, ba ni na sayar maka ba, amma na ji, kuma zan bi maganar.”

Da na bi ta, sai manajan ya gaya wa mai shago cewa ni ne na yi wa Alhaji alkawarin garanti da baki, da Hausa, harshen da babu wanda yake ji a shagon balle ya tabbatar ko ya ƙaryata. Har yau wannan ne abin da ban iya haɗiyewa ba, domin harshen da aka ɗauke ni aiki saboda shi, shi aka mayar igiyar ɗaure ni. Na fito da imel ɗin, mai shago ya karanta har ƙarshe, ya ce mu sasanta a tsakaninmu. An cire wani kaso na kuɗin gyaran daga kamashona na wasu motocin, a kan cinikin da ban karɓi ko dirhami ɗaya a kansa ba. Manajan yana kawo wa shagon kuɗi fiye da ni, kuma ban ga alamar an auna wani abu bayan wannan ba.

Abin da Alhaji ya yi hasara ya wuce kuɗin giyabos. Da ya nemi rabuwa da motar bayan gyara, duk mai sayen da ya san abin da yake yi sai ya nemi lambar shasi, kuma da ya duba sai ya yi tayin da bai kai kusa da abin da aka kashe ba. Mutanenmu da yawa suna auna motar gudu da ma'aunin Corolla, wato jiki mai kyau da inji mai sanyin ƙara da mita marar nisa, alhali a wannan kasuwa tarihin mota ake saye kafin ƙarfenta. Porsche 911 mai giyar hannu tana ajiye lissafin duk lokacin da injinta ya zarce iyakar juyawarsa, a matakai shida, tare da awar aikin da abin ya faru. Direba ya yi kuskuren saka giya ta 2 a maimakon ta 4 yana cikin gudu, wannan daƙiƙa ɗaya za ta zauna a kwamfutar har ranar da za a sayar da motar, kuma tana iya rage mata farashi ko ta hana kamfanin ba ta ƙarin garanti bayan bincikensa na abubuwa 111 a jikin motar.

Aibi shi kaɗai ba ya kashe kasuwar mota idan akwai wanda ya tsaya a bayansa. A 2014 Porsche ta sauya injinan motoci 785 na 911 GT3 bayan biyu sun kama wuta, a 2017 kuma ta tsawaita garantin injin wannan ƙirar zuwa shekara 10 ko mil 120,000, mai bin mota zuwa hannun duk wanda ya saya. Na ga yadda wannan takarda ɗaya take kwantar wa mai saye da hankali fiye da duk zaƙin bakin dillali, ko da yake wa'adin ya riga ya cika ga mafi yawan motocin, kuma mai saye a yau ya kamata ya lissafa da haka. Ferrari ma tana ba sabuwar mota sabis na shekara 7 kyauta wanda yake bin motar, amma a wurin wakilanta ake yinsa, saboda haka wanda zai ajiye ta a garin da babu wakili ya biya kuɗin abin da ba zai mora ba.

Sauran abin da na koya ba shi da tsawo. Ƙarancin mota ba ya tabbatar da riba: guda 991 kawai aka ƙera na Porsche 911 R a 2016, farashinta ya ninka a hannun masu sari, sai kamfanin ya fito da GT3 Touring a 2017 kasuwar ta sauka. Lambobi huɗu na gefen taya suna faɗin mako da shekarar da aka yi ta, kuma taya mai cikakken zane tana iya zama tsohuwa. Faifan birki na siramik ba a gane ƙarewarsa da ido, kuma kuɗin sauya shi yana iya cinye ribar cinikin duka. Injin da aka daidaita a kan fetur Super 98 na Dubai ba zai ji daɗin man gidajen manmu ba. Tun ambaliyar da aka yi a Dubai a Afrilun 2024 kuma, ban yarda da motar da ban ɗaga kafet ɗinta na shinshina ba.

Ga wanda za a ɗauka a gurbina, ina ba shi shawara ya riƙa maimaita duk abin da ya faɗa wa baƙo da Hausa a saƙon Turanci, ya aika wa baƙon, ya sa manaja da mai shago a kwafi, ya kuma gaya wa mutanensa kada su rufe ciniki ranar da ba ya nan. Manajan yana nan a kujerarsa, kuma a makon da na tafi akwai wasu motoci biyu ƙirar Amurka a layin gaba da kalmar garanti a manne a gilashinsu.