Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Shekarun da Na Riƙe Makullin Jarrabawa

A makon jiya mun tsaya a inda na kammala digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, aka tabbatar da ni malami a sashenmu. Yau zan ɗora daga 2006, shekarar da shugaban sashe ya kira ni ofis ya ce daga wannan zangon ni ne jami'in jarrabawa. Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai na gaba da ni." Bai tanka ba. Makullin wata durowar ƙarfe ya miƙo mini, ya ce, "Malam, abin da ke cikin nan gumin iyayen yara ne. Ka riƙe da tsoron Allah."

Aikin a baki mai sauƙi ne. Ka karɓi tambayoyi daga hannun malamai, ka adana su har ranar da za a zauna, ka tattara maki bayan an duba takardu, ka haɗa lissafi, ka gabatar a taron sashe, daga nan tsangaya, daga nan majalisar jami'a ta sa hannu. A lokacin rabin aikin da hannu muke yi, da kalkuleta da manyan takardu masu layi-layi, kwamfuta ɗaya ce a sashen, ita ma sai an kawo wuta.

A kan waɗannan takardun na fara ganin abin da ban gani ba lokacin da nake koyarwa kawai. Bari in yi bayaninsa dalla-dalla, domin iyaye da yawa suna biyan kuɗin makaranta shekara huɗu ba su san yadda ake auna 'ya'yansu ba. Wanda ya ci 70 zuwa sama ya sami A, ana ba shi maki 5. Daga 60 zuwa 69 B ce, maki 4. Daga 50 zuwa 59 C ce, maki 3, haka ake sauka har F da ba ta da komai. Kowane kwas yana da nauyinsa, wanda muke kira yunit, sai a ninka makin da yunit ɗin, a tara na duk kwasa-kwasan, a raba da jimillar yunit. Abin da ya fito shi ne CGPA. Daga 4.50 digiri mai daraja ta ɗaya ke nan. Daga 3.50 zuwa 4.49 shi ne 2:1, wato daraja ta biyu mataki na sama. Daga 2.40 zuwa 3.49 kuma 2:2, daraja ta biyu mataki na ƙasa.

To duba nan. Yaro ya ci 59 a kwas mai yunit 3, ya tashi da 9. Da 60 ya ci, da 12 ya tashi. Idan yunit 150 ya ɗauka a duk karatunsa, wannan bambancin na 3 yana motsa sakamakonsa da 0.02. Ke nan mai 3.48 zai iya zama mai 3.50 saboda maki ɗaya tak a takarda ɗaya, a wani zango da shi kansa ya manta da shi.

Me ya sa wannan layin ya zama abin tashin hankali a waɗancan shekarun? A ƙarshen 2005 aka kammala haɗe bankuna da Babban Bankin Najeriya ya yi ƙarƙashin Farfesa Charles Soludo, aka ɗaga jarin kowane banki zuwa naira biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25. Waɗanda suka tsira suka shiga buɗe rassa ko'ina, suna ɗibar matasa. A daidai lokacin masaƙun Kakuri a Kaduna suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, masana'antun Sharaɗa da Bompai a Kano ma suna ta raguwa, wuraren da a da ɗalibin gudanarwa yake sa ran zama manajan ma'aikata ko na sito. Sai ido ya koma kan banki da kamfanonin waya. Su kuwa tallan aikinsu da yawa sharaɗi biyu yake ɗauke da su: 2:1, da shekarun da ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Mai 3.49 ko ƙofar gwaji ba ya kaiwa.

Daga nan masu neman alfarma suka san hanyar gidana.

Wanda ya fi tsaya mini a rai wani dattijo ne, aminin mahaifina, wanda tun ina yaro nake kiran sa Baba. Ya zo bayan magariba, muka gaisa, aka kawo ruwa, ya daɗe yana tuna mini zumuncin gidajenmu kafin ya zo kan magana. Jikansa yana ajin ƙarshe a wurinmu, an ce ɗan abu kaɗan ya rage masa. Ya ce, "Ɗana, maki ɗaya ne fa. Ba na wani za ka ɗauka ka ba shi ba." Na durƙusa na ce, "Baba, wallahi na wani ne. A takardar da sunan jikanka yake akwai wata yarinya a ƙasa da shi, ita ma ɗan abin nan ya rage mata, mahaifinta ya rasu, ba wanda zai zo gidana dominta. In na ɗaga shi na bar ta, ranar da za a ɗauki aiki wurinta na ba shi. In na ɗaga su duka, gobe takardar sashenmu ba ta da daraja a idon kowa, har shi." Ya yi shiru, ya ce Allah ya yi mini albarka, ya tafi. An ɗauki lokaci gaisuwarmu ba ta wuce ta hanya. Na ji ciwon hakan ƙwarai, har yau ina ji idan na tuna, domin mutum ne da ya yi wa gidanmu alheri.

Amma ƙin yin alfarma kaɗai bai kwantar mini da hankali ba. Kullum na zauna gaban takardun nan abu ɗaya nake gani: yawancin waɗanda ke kuka a aji huɗu, a aji ɗaya aka kayar da su. Yaro ya sha wahalar WAEC ko NECO, ya sha ta JAMB, ga kuma jarrabawar tantancewa da jami'o'i suka fara yi a 2005, sai ya shigo yana ganin ya iso. Ba mai tashin sa da asuba, ba mai duba littafinsa. Wasu ma ba su zaɓi fanninmu ba, lauya ko akanta suka nema aka turo su, suka shigo da sanyin jiki. Sai lissafin kasuwanci da ƙididdiga da tushen akanta su yi musu dirar mikiya a zangon farko. Wanda ya faɗi kwas zai maimaita, abin da ɗalibai ke kira keri-oba, kuma ko ya ci A a karo na biyu, sifilin farko yana nan cikin lissafi. Haƙa rijiya ne: in ta karkace tun daga baki, duk zurfin da aka yi a karkace za ta tafi.

Saboda haka na roƙi shugaban sashe ya ba ni sabbin ɗalibai a makon farko. Nakan rubuta lissafin nan a allo, in sa kowa ya ƙirga da hannunsa me F ɗaya za ta yi masa. Na kuma matsa a riƙa liƙa sakamako da wuri, kafin zango na gaba ya yi nisa, don wanda yake ganin an yi kuskure wajen tara makinsa ya rubuto a duba takardarsa ta hanyar da doka ta tanada. Kuskuren tara maki yana faruwa, malami mutum ne, ga aji mai ɗaruruwan ɗalibai. Gyara shi haƙƙin ɗalibi ne, kuma kowa yana da wannan ƙofar, mai gata da marar gata.

Sai batun tambayoyin kansu, wanda na fi yin gardama a kai da abokan aiki. Idan maki ɗaya yana iya raba yaro da aiki, to wajibi ne makin ya zama ya auna wani abu na gaske. Tambaya irin "Lissafo ƙa'idojin gudanarwa 14 na Henri Fayol" hadda kawai take aunawa, kuma ita ce ke sa a shigo da 'yar takarda a cikin hula ko hijabi. Ni na koma rubuta labari: ga ɗan kasuwa a Kantin Kwari da shaguna uku, ƙannensa ne ke tsare su, kowa yana ɗibar kuɗi daga aljihun shago, ba a san riba ba a san uwa ba, wace ƙa'ida aka karya, me za ka ba shi shawara ya fara yi ranar Asabar? Irin wannan ba a satar amsarta. Ɗalibai suka yi ta ƙorafi a shekarar farko, suna cewa ba ta cikin handaut, wato takardun darasi da malami ke rabawa. Dubawa ma ta fi wahala, don kowace takarda sai ka karanta ta da hankalinka. Na tsaya a kai, har gobe kuma a kai nake.

Abin da ba ni da iko a kansa shi ne shekaru. Yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, na 2013 ya ci kusan rabin shekara, na 2020 wata tara, na 2022 wata takwas. Ni ɗan ƙungiyar ne, na kuma san halin da ɗakunan karatu suke ciki wanda ya sa ake tafiya yajin. Duk da haka na ga yara masu 2:1 mai kyau da suka fito shekarunsu sun haura abin da tallan aiki ke nema, wasu ma sun wuce 30, NYSC ta ba su takardar yafewa maimakon hidimar ƙasa. Wannan zaluncin ba su suka jawo shi ba, kuma duk mu manya muna da kaso a ciki, gwamnati da malamai da masu ɗaukar aiki.

Masu 2:2 kuwa, abin da nake gaya musu idan sun zo sallama bai canza ba: kada su zauna jiran tallan banki. Akwai cibiyoyin ƙwararru masu ba da takardar shaida: ICAN ta akantoci tana nan tun 1965, akwai ANAN ita ma ta akantoci, akwai CIPM ga mai son harkar ma'aikata, akwai NIM ta harkar gudanarwa, kuma a zauren jarrabawarsu abin da ka rubuta ranar shi ake dubawa. Yarinyar nan da na ambata wa Baba ta fita da 2:2. Ta fara da riƙe wa wani dillalin riɗi littafin shige da fice a kasuwar Dawanau, tana karatun akanta da dare. Yanzu ita ke tsara takardun fitar da kayansa waje, kuma duk shekara tana karɓar ɗalibanmu masu neman sanin makamar aiki. Jikan Baba ma ya sami hanyarsa a harkar sufuri, ranar ɗaurin aurensa Baba da kansa ya aiko a kira ni.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin yadda na nemi gurbin digiri na uku da iyali a wuyana, da abin da mahaifiyata ta ce ranar da na gaya mata zan sake komawa aji.