Tafiyar ƙasa da famfo a ƙirji

Famfon da ke ƙirjina bai san ina tafiya ba, kuma duk wanda aka sa ma irinsa ya kamata ya fara riƙe wannan. A Faransa aka yi mini aikin, HeartMate 3 ne, an dasa shi a ƙasan ɗakin hagu na zuciya yana jan jini yana turawa cikin babbar jijiya, kuma gudunsa ɗaya ne dare da rana, nawa likita ya tsaida shi wajen juyi 5400 a minti. Ko ina kwance ko ina hawan bene haka yake juyawa. Zuciyar mai lafiya in ya kama gudu tana ninka jinin da take turawa har sau huɗu ko biyar, shi kuwa injin ƙarin da yake yi kaɗan ne, sauran sai ragowar ƙarfin zuciyata ta asali ya cika, ga ɓangaren dama mai kai jini huhu ba a sa mishi komai ba da kansa yake fama. To shi ya sa numfashi ke yanke mini da wuri alhali injin lafiya lau yake, ba ƙara ba komai.

Da na dawo Maradi na fara da zagaya tsakar gida, sannu a hankali har na kai ina fita bayan sallar asuba in yi wajen unguwar Ali Dan Sofo in dawo, batira biyu a jaka, wasu biyu na ko-ta-kwana a hannun ƙanena. Wayar da ta fito ta cikina mai haɗa famfon da batir kuwa sai na ɗaure ta da kyau, in ta riƙa motsi bakin wurin na iya yin ciwo, wanka a gulbi kam an yi bankwana da shi.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne bugun jini. Ka kama hannuna da ƙyar ka ji wani abu tunda jinin kwarara yake yi ba tsayawa, na'urar tansiyo ta gida ma sau da yawa ba ta karantawa, sai da ƴar na'urar Doppler mai sauraron gudun jini, kuma an ce kar tansiyon ya haura 90, in ya hau famfon ne ke shan wahalar turawa. Don haka da baki nake auna kaina. Ina tafe ina hira da ƙanena, muddin magana na fita daidai sai mu ci gaba, da na ji ta fara tsinkewa sai in rage.

Amma walahi babban abin tsoro a nan garin zafi ne. Watan Afrilu da Mayu da ake wuce 40, zufa ta kwashe ruwan jiki, jinin da ke dawowa zuciya ya ragu, famfo kuma bai daina ja ba sai ya tsotso bangon zuciyar, nan take jiri ya ɗebe ka. Ya taɓa kama ni a hanya ƙanena ya riƙe ni yana "Yaya zauna, zauna", na sha ruwa kafin na dawo daidai. Da na kira likita sai ya rage mini maganin fitsari. Yanzu lokacin bazara rana na ɗagowa ina cikin gida, kuma gorar ruwa na cikin jakar batir kullum.