Kafin ka mayar wa dila motar da ka saya

Ƙannena masu shirin sayen motar farko, da waɗanda suka riga suka saya kuma tun ba a je ko'ina ba ta fara ba su ciwon kai, maganar nan taku ce. Asara ce ta koyar da ni ita, shi ya sa zan bi ta dalla-dalla.

Yawancinmu sai bayan aikin gama ya gama muke gane cewa sayen mota ba ya zuwa da haƙƙin mayarwa. Da ka biya, ka sa hannu, ka fita da ita daga harabar dila, ciniki ya faɗa. Launin bai yi maka ba, ko tana shan mai fiye da ƙarfin aljihunka, wannan ba hujja ba ce a mafi yawan wurare. Doka kuma kowace ƙasa da tata. A Birtaniya, dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta ba mutum kwana 30 ya ƙi motar da ya saya a hannun dila, amma fa sai in tana da aibi. A Amurka mutane da yawa suna zaton suna da kwana uku na janyewa, alhali wannan ƙa'ida ba ta shafi motar da aka saya a harabar dila ba. Don haka abin dogaronka shi ne abin da aka rubuta ranar ciniki: cikin kwana nawa za ka iya dawo da ita, iyakar kilomita nawa, kuɗinka za a ba ka ko musanya kawai, kuma me za a cire. "In ta ba ka matsala ka dawo da ita" magana ce mai daɗin ji, amma in ba ta kan takarda, ranar rigima babu mai tuna ta. Ka kuma lura da layin da ke cewa an sayar maka da ita a yadda take, babu garanti. Wannan layi ɗaya yana iya rufe maka ƙofa.

Rabin rigimar mayar da mota daga takardu take tasowa, inji yana lafiya lau. Kowace mota ta zamani tana da lambar shasi, wadda ake kira VIN, a mafi yawan motoci haruffa da alƙaluma 17 ce, tsarin da aka daidaita tun 1981. Babu harafin I ko O ko Q a cikinta, don kada su rikice da 1 da 0. Za ka same ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da jikin ginshiƙin ƙofar direba, a motoci da yawa kuma an buga ta a kan ƙarfen jikin motar. Ka karanta su ɗaya bayan ɗaya ka gwada da ta takardar mallaka, da ta rasit, da ta takardar kwastan in motar daga waje aka shigo da ita. Harafi ɗaya ya saɓa, ofishin rajista zai iya ƙin sa sunanka. In ka ga alamar walda ko sabon fenti kewaye da lambar, ka haƙura da motar, komai kyanta.

Sai sunan da ke kan takardar mallaka. Sau da yawa motar da ke harabar dila ba tasa ba ce, an ba shi ne ya sayar. In haka ne, ka nemi takardar izinin sayarwa da sa hannun mai ita, a kuma rubuta wanda zai mayar maka da kuɗi in ciniki ya warware. In ba haka ba, dila zai ce kuɗi ya wuce hannun mai mota, mai mota ya ce bai san ka ba. Ka bincika kuma ko akwai bashin banki a kanta, domin bankin da bai gama karɓar kuɗinsa ba yana iya bin motar har ƙofar gidanka. Kada ka cika kuɗi a kan kwafi da alkawarin "asalin yana zuwa gobe".

To, a ce ka saya kuma aibi ya bayyana. Ka ajiye ta. Duk kilomitar da ka ƙara, hujja ce ka ba dila ya ce kai ka lalata, ko ya rage maka kuɗi. Ka kira makaniki ya duba ya rubuta abin da ya gani, da kwanan wata da adadin kilomita, amma kada ya kwance komai. Nan ne matasa suka fi faɗawa: hankali ya tashi, a sauke giya ko a buɗe kan inji a garejin unguwa, sannan a je wa dila da kuka. Daga lokacin da wani hannu ya taɓa ta, kariyar dila ta samu. In an sa mata na'urar bincike, a ɗauki hoton lambobin matsalar da suka fito, kada a goge su. Ranar nan kuma ka sanar da dila a rubuce, ko da saƙon waya ne, ka faɗi aibin ka faɗi abin da kake nema. In ya ce zai gyara kuma ka yarda, a rubuta cewa in gyaran bai yi ba maganar mayarwa tana nan.

Ranar miƙa mota ita ce ta fi haɗari, domin mutum yana ɗokin rabuwa da ita. Ka sani, miƙa mukulli bai cire sunanka ba. Muddin hukuma tana ganin sunanka a rajista, tarar hanya kai za a nema, in an buge mutum da ita ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa, in an yi aika-aika da ita haka. Saboda haka a rubuta takardar warware ciniki, kwafi biyu, kowa ya riƙe ɗaya. A sa lambar shasi, lambar mota, kilomitar da take kai, rana da ƙarfe nawa aka karɓe ta, yawan mukullai, duk takardar da ka miƙa da sunanta, kuɗin da za a mayar da ranar biya. Wanda zai sa hannu ya kasance mai ikon yi a madadin kamfanin, da hatiminsu, ba yaron da ke goge motoci ba. Ka ɗauki hoton motar ta kowace fuska, ciki da waje, da allon kilomita tana kunne, don kada gobe a ƙirƙiro maka wani ƙarzanen da za a cire daga kuɗinka.

Asalin takardar mallaka kuwa, hannu da hannu take tafiya da kuɗi. In dila ya ce sai nan da mako biyu zai biya, ka riƙe ta har kuɗin ya shigo. Kuma duk runtsi kada ka sa hannu a fom ɗin sauya mallaka da aka bar gurbin sunan mai saye fayau. Dila zai ce don sauƙi ne, in ya samu mai saye sai ya cike. Sauƙinsa ne shi. Motar za ta iya bin hannu uku tana yawo da sunanka. A cike sunan kamfanin a gabanka, kai da kanka kuma ka sanar da ofishin rajista cewa ta bar hannunka, ka karɓi shaidar hakan. Ka tambaye su batun lambar mota, don a wasu ƙasashe tana bin motar, a wasu tana bin mai ita. Inshora sai bayan an gama wannan za ka soke, ba kafin ba.

Wanda ya saya da rancen banki yana da ƙarin aiki. Cinikinka da dila daban, yarjejeniyarka da banki daban, mayar da mota ba ya kashe bashi. Ka sanar da banki tun farko, ka nemi adadin da zai rufe rancen, a tura masa nasa daga kuɗin da dila zai mayar, ka kuma ci gaba da biyan na wata-wata har ka karɓi wasiƙar cewa babu sauran bashi. In ka ba da tsohuwar motarka a cikin cinikin, mai yiwuwa an riga an sayar da ita, sai ka nemi kuɗin da aka ƙiyasta ta a rasit.

In dila ya ƙi karɓa, kada zuciya ta sa ka jefar masa da mota a ƙofa ka tafi. Zai iya cewa bai karɓa ba, ya ɗora maka kuɗin ajiya, kai kuma ba mota ba kuɗi. Ka rubuta masa wasiƙa da wa'adi, ka kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye ko kotu, da rahoton makaniki da saƙonninku. In kuwa bincike ya nuna takardun jabu ne ko motar ta sata ce, wannan ta wuce ciniki, wurin 'yan sanda za ka nufa da rasit ɗinka. Kada ka yi dabarar sayar wa wani don ka fanshe kuɗinka, domin daga ranar da ka sani, kai ma ka shiga cikin laifin.